Katin da ya kwana a akwati: nazarin abin da ya faru a wata mazaɓa ta fadamar Argungu

Yarinyar tana da shekara biyu da 'yan watanni lokacin da abin ya faru. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyensu ba. Ya isa a san cewa yana cikin ƙauyukan da ke gefen fadamar Argungu, inda shinkafa ke ciyar da mu, ruwan da ke raya ta kuma yake ƙyanƙyashe mana sauro. Ni malamin firamare ne, ni ne kuma sakataren kwamitin raya mazaɓarmu, wanda ma'aikatan lafiya ke kira WDC. Da hannuna na rubuta sunan yarinyar nan a jerin yaran da aka yi wa rajistar inshorar lafiya kyauta, shi ya sa lamarinta ya tsaya mini a rai har yau.

Zazzaɓi ya kama ta cikin watan Satumba, ubanta ya tafi Kamba fatauci. Ranar farko uwar ta aiki yaro kemis, aka sayo ruwan farasitamol da ƙwaya uku a ƙulle cikin leda. Jiki ya ɗan yi sanyi, aka ce alhamdu lillahi. Rana ta biyu zafin ya dawo, ta ƙi nono, ta ƙi kunu, kakarta ta sa aka karɓo rubutu aka yi mata turare. Daren rana ta uku ta fara jijjiga, ido ya kafe, haƙora suka datse. A nan ne uwar ta fito tsakar gida tana salati, ƙanin mijin ya tada babur.

Hanya ta cika da ruwa, sai da suka sauka sau biyu suka tura babur ɗin cikin laka. Sun wuce ta ƙofar asibitin mazaɓa ba su ko kalle shi ba, suka zarce babban asibiti. Can aka ce maleriya ce ta yi tsanani, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Aka yi mata ƙarin jini da allurai, ta kwana biyar, Allah ya tashi kafaɗunta. Kafin a sallame su, tunkiyar da uwar ke kiwo ta tafi kasuwa, uban kuma ya dawo ya ci bashi a kan shinkafar da ba ta ko fitar da kai ba, da alkawarin zai biya da buhu idan kaka ta yi, a farashin da mai kuɗin ya yanka.

Na je dubiya bayan sun dawo gida. Muna zaune a zaure da uban, na tambaye shi ko sun nuna katin yarinyar a asibiti. Ya ce wane kati? Na kwatanta masa. Ya leƙa cikin gida ya yi magana, can sai ga uwar ta tsaya bayan asabari, ta miƙo wata leda da ta ciro daga akwatin ƙarfe. Katin yana ciki, sabo fil, tare da katin zaɓensu da wata tsohuwar takardar gona.

Ta ce, "Malam, wanga ba katin tallafi ba ne? Tun ran da anka ba mu shi muke jira, ba mu ji an kira kuɗɗin ba."

A cikin ledar nan kuma na ga wani abu da ya fi katin tayar mini da hankali: ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi na damina, waɗanda masu bi gida-gida ke rabawa, suna nan a cikin bawonsu. Na tambaye ta. Ta ce masu rabon sun ba yarinyar na ranar farko a gabansu, sauran kuwa ta adana su don ranar da zazzaɓi zai zo, tunda a lokacin lafiyar yarinyar ƙalau. Da zazzaɓin ya zo kuma, makullin akwatin yana aljihun maigida a Kamba.

Inda katin ya fito

Da yawa daga masu riƙe da katin nan ba su san tushensa ba, har da wasu 'yan kwamitinmu a lokacin. A 2014 aka sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da ake kira BHCPF. Dokar ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya a zuba a ciki, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Dokar ta raba su uku: rabi na biyan inshorar marasa ƙarfi, kashi 45 na ƙananan asibitoci don magani da gyaran gini da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa daga NHIS zuwa NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa, tare da tanadi na musamman ga masu rauni, irin su yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu da tsofaffi da naƙasassu. A nan Kebbi, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, ita ke yi wa mutane rajista. Manufar ita ce kowace mazaɓa, cikin mazaɓu 225 na ƙananan hukumominmu 21, ta samu asibiti ɗaya da kuɗin ke shiga.

Idan akwai jihar da ke bukatar wannan, to tamu ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Kebbi yara 252 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar, wato kusan ɗaya cikin huɗu, kuma a lokacin babu jihar da ta kai mu. Binciken nan ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaranmu, binciken maleriya na 2021 kuma ya samu kashi 49, nan ma mu ne a gaba. Ba sai an karanta wa mutumin fadama waɗannan alƙaluma ba. Ya je maƙabarta a ƙarshen damina ya ga gajerun kaburbura. A ƙasa baki ɗaya kuma, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, kamar yadda tunkiyar matar nan ta fita.

Yadda tsarin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Duk yaron da aka yi wa rajista an ɗaure sunansa da asibitin mazaɓarsa, kuma ana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane kai, yaron ya zo ko bai zo ba. Idan ya zo, gwajin jini da maganin maleriya da na gudawa da na ciwon haƙarƙari ba a karɓar ko kwabo. Idan ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, malamin asibiti zai tura shi babba da takarda, sai hukuma ta biya can ɗin. Takardar nan ita ce mabuɗi. Wanda ya tsallake ƙaramin asibiti ya kai kansa babba hannu rabbana, kamar yadda iyayen yarinyar nan suka yi, yawanci shi zai biya wa kansa.

Akwai hikima a biyan kuɗi a kan kowane kai. Asibitin da ya tsaya kan rigakafi, yaransa suka rage kwanciya, kuɗinsa za su yi albarka. Amma akwai ɓaraka a ciki, kuma gara a faɗe ta: katin da ke kwance a akwati shi ma ana biya a kansa. A takarda yarinyar nan tana da inshora wata da watanni, a gida kuwa ba ta da komai. Ba na zargin kowa da cin amana. Abin da nake cewa shi ne tsarin ba ya kuka idan kati ya yi barci, sai dai mutanen gari su yi kukan.

Kowa ya yi aikinsa, yarinya ta kusa tafiya

Da na koma gida daren nan na kasa runtsawa, ina ta lissafin hannun da suka taɓa gidan nan. A bangon zauren akwai rubutun alli kashi-kashi: na masu ɗigon foliyo, na masu rabon maganin damina, na masu gidan sauro. Duk sun zo, duk sun cika takardunsu. Masu rajistar inshora sun ƙirga kati nawa suka bayar. Masu maganin damina sun ƙirga yara nawa suka ba na ranar farko. Malamin asibiti ya ƙirga allura nawa ya yi. Babu wanda ya yi ƙarya a rahotonsa. Amma takarda uku ce daban-daban, daga hannun mutum uku, a ranaku uku, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin tambayar ko uwar ta san abin da kowace takarda ke nufi.

Kason laifinmu, mu 'yan kwamiti, ba ƙarami ba ne. Ranar rajista mun shirya ta tamkar ranar rabon taki. An kafa rumfa a ƙofar hakimi, an yi layi, an ɗauki hoto, an dangwala yatsa, an nemi lambar NIN. Duk wanda ya taɓa shiga layin tallafi ya san wannan kama. Jawabin bayani an yi shi da lasifika ga maza, matan suna can gefe suna fama da yara masu kuka. Da katunan suka fito, magidanta muka ba, don su ne muka sani a zaure. Magidanci kuwa duk takardar da ke da hatimin gwamnati wurinta akwati. Mun manta da abin da kowa ya sani: uwa ce ke fara jin zafin jikin yaro a bayanta, ita ce kuma ba ta da makulli, ba ta da kuɗin babur, ba ta da izinin fita.

Abu na ƙarshen nan shi ne mafi nauyi. Na sake komawa na sa matata ta tambayi uwar me ya hana ta kai yarinyar asibitin mazaɓa tun rana ta biyu, tunda tafiyar ba ta fi ƙarfin ƙafa ba idan da rana ce. Ta ce maigida ba ya nan, ba ta kuma son ya dawo ya ji ta fita ba da saninsa ba. Da aka gaya wa mijin, sai ya ce wallahi da ta tafi ba zai ce komai ba. Ka ji fa. Ba hana ta ya yi ba, ba a dai taɓa yin maganar ba.

Zaman da aka yi a gidan uban ƙasa

Shugaban kwamitinmu ya kai maganar wurin uban ƙasa, na bi shi da ledar nan a hannu, da izinin masu ita. Bayan gaisuwa shugaban ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo da abin kunya ne, ba da ƙorafi ba." Na zazzage ledar a kan darduma. Uban ƙasa ya ɗauki katin ya juya shi, ya ɗauki ƙwayoyin ya duba, ya yi shiru. Sannan ya sa a kira masa limamin Juma'a da malamin asibiti da sarkin aski da shugabar ungozomomi da shugaban 'yan kabu-kabu.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Kabi a ga sarauta cikin harkar lafiya. Tun 2009 Sarkin Musulmi ya haɗa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, wanda Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ke shugabanta, kuma da hannunsu aka kai ga ranar da aka ayyana Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agustan 2020. Hanyar a buɗe take. Abin da ba a yi ba shi ne bi da inshorar yara ta cikinta.

Sarkin aski ne ya kawo shawarar da ta fi kowace amfani. Ya ce babu jaririn da ake haifa a ƙasar nan da aska ba ta taɓa kansa ranar suna, babu kuma wanda ungozoma ba ta yanke wa cibi ba, ko liman bai yi wa addu'a ba. Gwamnati tana neman jarirai da fitila, su kuwa a hannunsu suke kwana. Aka tsayar cewa duk wanzamin da ya yi askin suna zai kai sunan jaririn da na gidansu ga mai unguwa, mai unguwa ya rubuta a littafi, ni kuma in tattara in kai wa malamin asibiti ranar kasuwa. Littafi ɗaya, layi ɗaya ga kowane yaro: ranar haihuwa, alluran da ya karɓa, ko yana da katin inshora, ko ya sha maganin damina na kwana ukun duka. Littafin makaranta ne mai bango ja, na saya a kasuwar Argungu. Shi ne karo na farko da aka haɗa takardun nan a wuri ɗaya.

Liman ya ɗauki nauyin abu biyu. Na farko, wasu na cewa inshora caca ce, ko kuma kamar mutum yana kira wa ɗansa ciwo. Ya yi huɗuba a kan Ash'ariyawa, mutanen da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai. Ya ce wannan ita ce taimakekeniya, mun kuma san ta a gayya da adashe tun kaka da kakanni. Na biyu, ya nemi kowane magidanci ya koma gida ya furta wa iyalinsa da bakinsa cewa idan yaro ya yi zazzaɓi an yarje mata ta kai shi asibiti, yana gari ko ba ya gari. Ya ce kada a bar shi a zuci, a faɗa. Daga baya ya mayar da shi al'ada: duk sunan da ya halarta, bayan addu'a sai ya juya ga uban jaririn ya ce, "Malam, ka ba da izinin asibiti?" A gaban jama'a ba wanda ke cewa a'a.

Ungozomomi suka bi gida-gida suna fito da katuna daga akwatuna. Dabarar da suka yi ta burge ni. Suka huda kusurwar ledar katin inshora suka ɗaure ta da zare a jikin katin rigakafi, wanda da ma a hannun uwa yake, suka rataye a ƙusa bayan ƙyauren ɗakinta. Suna yi suna bayanin maganin damina da harshen da ya fi namu shiga: ƙwayar ranar farko ta buɗe aiki ne, na rana ta biyu da ta uku su ke rufe shi, kuma ba maganin mai ciwo ba ne, katanga ce ta wata ɗaya. Duk yaro daga wata 3 zuwa wata 59 zai sha, kowane wata, har damina ta wuce.

Kuɗin babur da mai kemis

Inshora tana biyan magani, ba ta biyan hanya. 'Yan kabu-kabu suka ce sun ji yadda 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW ke kai mata masu naƙuda asibiti a wasu jihohin Arewa, su ma za su iya, amma mai ba ya sayuwa da lada. A nan ƙungiyar manoman shinkafa ta shigo. Aka yarda idan kaka ta yi kowane manomi zai zuba mudu ɗaya a kan kowane buhun da ya samu, a sayar, a ajiye kuɗin a hannun mutum uku. Duk ɗan kabu-kabun da ya kai yaro asibiti da dare, malamin asibiti zai sa masa hannu a 'yar takarda, ya karɓi kuɗin mansa da safe. An rubuta lambobin wayar mutum huɗu a bangon masallaci da na asibiti.

Mai kemis shi ne ya fi ba mu wuya, kuma ban ga laifinsa ba. Zazzaɓin yara shi ne rabin cinikinsa na damina, muna kuma neman ya riƙa korar ciniki da hannunsa. Ba za a iya tsallake shi ba, don ƙofarsa ce ta farko da ake bugawa, yana ba da bashi, ba ya rufewa da la'asar. Mun zauna da shi sau uku. Abin da ya karya masa zuciya ba hujjarmu ba ce, labarin yarinyar ne, don shi ya ƙulla ƙwaya ukun nan. Ya yarda da abu ɗaya tak: duk yaro ƙarami da aka ce yana zazzaɓi, zai fara tambaya ko yana da kati, idan yana da shi ya ce a tafi asibiti a yi gwaji, kyauta ne. Idan kuma aka ce yaro yana jijjiga, ko ya daina shan nono, ko yana amai ba tsayawa, ba zai sayar da komai ba, zai kira ɗan kabu-kabu da wayarsa. Yana cika wannan na biyun. Na farkon kuwa, wata rana ya yi, wata rana ciniki ya rinjaye shi.

Ranar allura ta zama ranar komai. Muka roƙi mai rajistar haihuwa ya riƙa zuwa ya kafa teburinsa a barandar asibiti, don rashin takardar haihuwa da NIN shi ne ya hana yara da yawa shiga tun farko, kuma ba kowace uwa ke iya zuwa Argungu ta wuni a layi ba. Uwa ta zo da jariri ɗan mako shida karɓar allura, ta koma da takardar haihuwarsa, an kuma rubuta sunansa a jerin masu jiran gurbin inshora.

Gwajin farko

A watan Disamban 2024 aka fara allurar rigakafin maleriya ta R21 a Najeriya, kuma Kebbi da Bayelsa aka fara da su. Sau huɗu ake yin ta: a wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Wanda ya san halin ranar allura ya san inda gizo ke saƙar. Iyaye mata sun saba cewa daga allurar mako 14 sai ta ƙyanda a wata 9, tsakani kuwa hutu ne. Yanzu ga zuwa uku a jere an cusa a tsakiyar hutun. Da ba don jan littafin nan ba, da ba mu san wa za mu nema ba. Kowane farkon wata nakan buɗe shi in fitar da sunayen waɗanda suka cika wata biyar, in ba masu unguwanni, su kuma su aika ungozoma.

Ƙanin yarinyar nan, wanda aka haifa bayan abin da ya faru, yana cikin rukunin farko. Uwar ce ta zo da shi da ƙafarta, katunan biyu suna reto a zare ɗaya. Malamin asibiti ya gaya mata, kamar yadda yake gaya wa kowa, cewa allurar tana rage haɗari ne, ba ta kore gidan sauro ba, ba ta kuma kore maganin damina ba. Ta ce ta ji. Da zazzaɓi ya taɓa yayar a daminar da ta biyo baya, tun ranar farko aka kawo ta, aka ɗiga jininta a 'yar farar robar gwaji, layi biyu suka fito, aka ba ta maganin kwana uku. Ba a sayar da ko kaza ba.

Ba zan kawo alƙaluma in ce mutuwar yara ta ragu da kaza ba, don mazaɓa ɗaya a damina biyu ba ta isa a yanke wannan hukunci ba. Abin da idona ya gani shi ne bencin asibitin da a da akuya ke kwana a ƙarƙashinsa yanzu yana cika da safe, kuma yawancin yaran da ake kawowa suna kuka da ƙarfinsu, ba a sanƙame ake shigo da su ba.

Abin da bai gyaru ba

Gurbin da aka ba mazaɓarmu bai kai ko kusa da yawan yaranmu ba, kuma tun da mutane suka gane amfanin katin, wannan ya zama wuta. Akwai gidan da ɗan uwargida ke da kati, ɗan amarya ba shi da shi, don ranar rajista amaryar tana wankan gida. Na sha zagi a kan haka, an ce mun zaɓi namu. Muna da jerin masu jira, muna karanta shi a bainar jama'a don kowa ya ji matsayinsa, amma karanta jeri ba ya ƙara gurbi.

Rugagen Fulani da ke tsallaken gulbi har yanzu ba su shiga littafin yadda ya kamata ba, don wanzamanmu ba su ke yi musu aski ba, sai kwanan nan muka fara magana da arɗonsu. Asibitinmu ba ya kwana a buɗe, malami ɗaya ne da mataimakiya, kuma zazzaɓi da dare yake tashi. Mun samu ya yarda a buga masa ƙofa ya rubuta takardar turawa ko da tsakar dare ne, amma wannan alheri ne na mutum ɗaya, ranar da aka canza masa wurin aiki sai mu sake roƙo. Asusun mudu kuma yana bin gona: shekarar da ruwa ya ci shinkafa, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa fadamun Kebbi, asusun zai bushe daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Mun kuma ga yadda a farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, hukumar tallafinta USAID da ta daɗe tana aikin lafiya a jihar nan ta naɗe tabarma. Wannan ya sa ko masu ganin mudun nan wasa ne suka daina faɗa.

Sai kuma maganar da ke gabanmu yanzu. Yarinyar nan ta kusa cika shekara biyar. Daga ranar za ta fita daga rukunin ƙananan yara, masu maganin damina ma za su daina ƙirga ta, sauro kuwa bai san ta girma ba. Akwai tsarin da mutum zai biya wa iyalinsa na shekara a hukumar jiha, sai aka kawo shawara a ƙara mudun ya zama biyu, ƙungiyar manoma ta riƙa biya wa yaran da suka tsallake shekara biyar a dunƙule. A zaman da aka yi bayan sallar la'asar a ƙofar hakimi, wasu suka ce nauyin ya yi yawa, taki ya yi tsada, man injin ban ruwa ya yi tsada. Wani dattijo ya ce shi 'ya'yansa duk sun girma, don me zai zuba.

Uban yarinyar, wanda ban taɓa jin ya yi magana a taro ba, ya miƙe ya ce, "Baba, Allah shi ba ka haƙuri. Ni buhu huɗu na biya kan bashin kwana biyar. In mudu biyu ne, a fara aunawa daga nawa."

Ba a cimma matsaya ba ranar. Hakimi ya ce a bar maganar sai an ga yadda shinkafar bana za ta yi, ya kuma ce in zo da jan littafin a zama na gaba, in fitar da sunan duk yaron da zai cika shekara biyar kafin damina mai zuwa. Na fitar da su daren jiya. Sunanta ne na uku.